Dokar Gari a Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo: Mai Kafawa da Mai Tsarewa

Mutumin da ya koro ɗan bijiminsa daga wani ƙauye na ƙasar Rabah ya nufi kasuwar Achida da shi, tun bai gama ɗaure shi a kara ba, balle dillali ya kama hannunsa a shiga ciniki, zai tarar da malamin kasuwa tsaye da littafin rasit, ya yago masa 'yar takarda ya karɓi abin da aka yanka. In mahauci ne ya sayi bijimin, akwai kuɗin kwata a gabansa, akwai kuma duba-gari wanda aikinsa ne ya dudduba huhu da hanta kafin nama ya hau tebur; mai amalanken da ya ɗauko buhunan tafarnuwa daga fadama da nasa, haka direban da ya yi lodi a tasha. Kowa yana biya, wani da daɗin rai, wani yana gunaguni, amma da za a tsai da su a tambaye su wace doka ce ta wajabta wannan kuɗi, wa ya kafa ta, a ina aka rubuta ta, da wuya a sami amsar da ta wuce cewa hukuma ce ta ce. To, wannan faɗa ta hukuma, yadda take zama doka da yadda ake tsare ta bayan ta zama, abu ne da ya kamata kowane mai hankali ya sani, domin ita ce dokar da ta fi kowace kusa da tukunyarsa.

Ba baƙon abu ba ne a wannan yanki gari ya kasance da ƙa'idodin kansa. Wurno ribaɗi ce wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wajen 1830 domin ta tsare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa, a cikinta ya yi ƙarshen zamansa, a cikinta Allah ya karɓi ransa a 1837, kabarinsa yana nan ana ziyara; ɗansa Aliyu Babba kuma, wanda ya riƙi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama, har Wurno ta zama fadar daula a aikace. Garin da aka tara mayaƙa da malamai da masu sana'a da Fulanin da aka zaunar da su da dukiyarsu, ga shi kuma a bakin fadamar Rima inda kowa ke kwaɗayin ƙasa da ruwa, ba shi yiwuwa ya zauna lafiya sai an fayyace inda za a noma da inda za a bar wa dabba, da mudun da za a auna hatsi da shi, da wanda za a kai wa ƙara in an saɓa. Shari'a ta zo da asali, amma rassan da ke sākewa da sākewar wuri da zamani ta bar su ga ijtihadin shugaba, bisa maslahar jama'a da al'adar da ba ta saɓa wa nassi ba. Malaman jihadi ba su yi sakaci da wannan babi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan raya matacciyar ƙasa da hurumin gari da na rijiya da makiyayar da shugaba ke keɓewa, ya kuma wallafa Diya'ul Hukkami don masu mulki. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa don Sarkin Katsina Umarun Dallaje. Shehu Usmanu da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa kuɗaɗen da sarakunan da suka gabata ke ɗora wa talakawa ba bisa haƙƙi ba, har da abin da ake ɗiba daga kayan 'yan kasuwa, ya nuna ɓacinsu. Aka kuma raya aikin muhtasibi, mai kewaya kasuwa yana duba awo da algus da abin da ke cutar da masu wucewa.

Wanda ya yi nazarin waɗannan littattafai zai ga sharuɗɗa biyu suna bin kowace ƙa'ida da shugaban gari zai ɗora: kada ta yi karo da hukuncin da ke bisanta, kuma ta zama don amfanin waɗanda aka ɗora wa, ba don jakar wanda ya ɗora ba. Ina ganin har yau babu ma'aunin da ya fi wannan.

Da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba su rushe wannan gini ba, sai suka yi masa sabon rufi suka kira shi En'e. Sarkin Musulmi da majalisarsa su ne ke kafa dokokin ƙasa, na kasuwa da na daji da na tsabtar gari da na haraji, Razdan ya duba ya amince, sa'an nan takarda ta tafi wurin hakimi, hakimi ya tara dagatai, dagaci ya kira masu unguwa, kafin rana ta faɗi mai shela ya ratsa gari da gangarsa yana cewa Sarki ya gaishe ku, ya faɗi abin da aka hana da horon wanda ya ƙi ji. Abin da ya ba wannan tsari ƙarfi shi ne dukkan kayan aikin suna hannu ɗaya: dogarai da 'yan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne, baitulmalin da tara ke shiga shi ma na En'e ne. Saboda haka doka ba ta kwana a hanya. Amma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ya zama aibinsa, domin talakan da mai kama shi da mai yi masa shari'a da mai tsare shi duk bayin gida ɗaya ne, in an zalunce shi ba shi da ƙofar da zai buga. Dattawan da ke yabon zamanin En'e don kwarjinin doka gaskiya suka faɗa, waɗanda ke tuna bulala da aikin tilas da kuɗin da ba su da rasit su ma ba ƙarya suka yi ba.

Babu wanda ya san ciki da bayan wannan tsari kamar wani ɗan Rabah. Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, an naɗa shi hakimin Rabah a 1934, ya yi shekara huɗu yana ƙidayar masu haraji da shanun jangali, yana sasanta manoma da makiyaya, kafin a ba shi sarautar Sardauna a 1938 a tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Watau ya ɗanɗani tsarin ta fuskar mai zartarwa da ta wanda ake zartarwa a kansa. A 1948 ya tafi Ingila ya ga yadda majalisun garuruwa ke aiki, a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara En'e, aka kuwa yi dokar En'e ta 1954 a zamanin da sha'anin ƙananan hukumomi ke hannun Sardauna, wadda ta ƙarfafa shawara da majalisa, ta buɗe hanyar majalisun gundumomi da na ƙauyuka. Bayan rasuwar Sardauna soja suka ƙarasa abin da aka faro ta wata hanya dabam: a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotunan alƙalai aka mai da su hannun jiha, aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, gidajen yari suka koma na tarayya, sa'an nan gyaran 1976 ya shafe En'e ɗungurungum ya kafa ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun wakilai, sarakuna da hakimai suka koma masu ba da shawara.

Yau Wurno da Rabah da Goronyo kowacce ƙaramar hukuma ce, uku cikin 23 na jihar Sakkwato, cikin 774 na ƙasa baki ɗaya. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lamunce musu zaɓaɓɓiyar majalisa, ya bar wa majalisar dokokin jiha ta tsara gininsu da kuɗinsu da ayyukansu, jadawali na huɗu kuma ya zayyana abin da ke hannunsu: kasuwanni da tashoshin mota da kwata da makewayin jama'a, maƙabartu, kwashe shara da magudanan ruwa, lasin keke da amalanke da baro da jirgin fito, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, raɗa wa tituna suna, sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, tare da sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Dokar filaye ta 1978 ta ƙara musu ikon ba da ƙasar karkara bisa al'ada, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Wata doka ta tarayya ta 1998 ta lissafa kuɗaɗen da ya halatta ƙaramar hukuma ta karɓa, ta kuma haramta a tare hanya da shinge don karɓar haraji, ko wane ne mai karɓar. Wannan na ƙarshe ya kamata direbobi da masu fataucin albasa su riƙe shi da kyau.

Mu ƙaddara, alal misali, manoman wata mazaɓa ta bakin fadama sun gaji da ɓarnar dabbobi, suka kai kuka wurin kansilansu. Hanyar da aka saba a jihohin ƙasar nan ita ce kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma ta hannun wani kansila, ya gabatar da ƙuduri a rubuce gaban majalisar kansiloli. A karanta shi karatun farko don a san da shi, a karatu na biyu a yi muhawara a kan asalinsa, a miƙa shi ga kwamiti ya bi shi sashe-sashe ya ji ta bakin waɗanda abin ya shafa, a dawo da shi karatu na uku a kaɗa ƙuri'a, in rinjaye ya amince a kai wa shugaba ya sa hannu. A jihohi da yawa kuma sai ma'aikatar ƙananan hukumomi ta duba shi, an buga shi cikin gazet na gwamnati, kafin kotu ta yarda ta yi hukunci da shi. In ya yi karo da dokar jiha ko ta tarayya, ya ɓaci gwargwadon karon da ya yi. Abin da shugaba ya faɗa da baki a wurin taro, ko wata takarda da sakatare ya manna a bango ba tare da majalisa ta zauna ba, umurni ne na gudanarwa, amma ba ya zama hujjar cin mutum tara ko tsare shi.

Wannan mas'ala ta ɓarnar dabbobi ta cancanci a dakata a kanta, domin a nan ne ake ganin fa'idar dokar gari ƙarara. Duk almajirin da ya karanta Risala ya san hukuncin mazhabarmu ta Malikiyya: abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, biyansa yana kan masu su, na rana kuwa masu gona ne aka ɗora wa tsaro, sai dai Muhtasar da sharhohinsa sun ƙara ƙaidi game da dabbar da aka saka kusa da gonaki ko wadda makiyayinta ya yi sakaci. Wannan hukunci ya dace da ƙasar da makiyaya ke da faɗi, gonaki kuma ke gefe ɗaya. To, a garin da gero da wake suka kewaye shi har bakin danga, ba shi yiwuwa manomi ya wuni yana gadin kowace kunya, don haka tun kaka da kakanni shugabanni suka ɗora ƙa'idar ɗaure awaki da tumaki daga saukar damina har a kai amfani gida, suka kuma riƙa yanka ranar da za a saki gonaki garke ya shiga cin kara da harawa. A ƙetaren iyaka, cikin Nijar, har yanzu hukuma ce ke sanar da wannan rana a kowace shekara. Amma kwarin Rima ya sauya. An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900; da ita, da aikin ban-ruwa na Wurno da ke sha daga madatsar Lugu, da ƙananan injuna da suka cika fadama, suka sa ƙasar da a da ake bar wa shanu da rani ta koma albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa. Ranar sakin gona ba ta da ma'ana a inda ake girbe wani a dasa wani, burtalin da ke kai garke mashaya kuwa kullum ƙara tsukewa yake yi. Dokar da za ta yi adalci a nan sai wadda mutanen da suka san kowane labi da kowace mashaya suka tsara, ba wanda ke zaune a Abuja ko cikin birnin Sakkwato ba.

Ga kuma yadda tsarewar take a zahiri. Manomi ya tarar da akuya cikin wakensa, ya kama ta ya ja ta har ƙofar gidan mai unguwa ya ɗaure a turke. Mai unguwa ya aika a kira mai ita, ya tashi dattawa biyu ko uku su je su ga ɓarna da idonsu, su ƙidaya kunyoyin da aka ci su ƙiyasta mudu nawa za su bayar da sun nuna. A zauna a zaure, wannan ya ce an yi yawa, wancan ya ce an yi kaɗan, liman ko wani dattijo ya sa baki a yi rangwame don maƙwabtaka, mai akuya ya biya ya kwance abarsa. Galibin shari'un ƙauye a nan suke ƙarewa, kuma alheri ne da suke ƙarewa a nan. Sai dai mai karatu ya lura, cikin dukkan waɗanda suka yi wannan aiki babu ma'aikacin majalisar da ta kafa dokar ko ɗaya, kuma babu wanda doka ta ba ikon tilasta wa mai taurin kai. In ya ƙi, sai a tafi wurin dagaci, daga nan hakimi, wanda a Wurno shi ne Sarkin Sudan, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami ya daɗe yana riƙe da ita. In nasiha ba ta yi ba, sai 'yan sanda, waɗanda na tarayya ne, domin sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ita. Daga nan sai kotun majistare ko kotun shari'a, waɗanda na jiha ne. Majalisa tana da alƙalami ba ta da hannu, hakimi yana da kunnen jama'a ba shi da hurumin hukunci, mai kamawa da mai yankewa kuwa kowanne yana amsa wa wani ubangida dabam. An raba su ne da gangan don kada zaluncin da ya dawo, kuma niyyar tana da kyau, amma ba a ɗinke tsakaninsu da abin da zai sa su yi aiki tare ba.

A cikin wannan tsaga ne ɓarna ke shiga. Akwai bambanci tsakanin biyan ɓarna, wanda haƙƙin mai gona ne, da tara, wadda ta baitulmalin ƙaramar hukuma ce, ba ta halatta sai doka ta ambaci adadinta an kuma ba da rasit. Malamanmu ma sun yi saɓani mai tsawo a kan halaccin horo da dukiya, saboda tsoron kada ya zama ƙofar cin dukiyar mutane. Inda ba a san adadi ba, mai ƙarfi ne ke yanka shi, kuma a kan baƙo ya fi yankawa. Makiyayin da ke wucewa ba shi da kansila a mazaɓar da ya sauka, ba a kira arɗonsa ranar da kwamiti ya zauna ba, bai ji shela ba, sai dai ya ga an kama masa saniya an ce ya kawo abin da ya fi kuɗin ɓarnar ninkin-ba-ninki. Lardin Arewa ya yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, amma da yawa cikin wuraren da aka keɓe an bari an cinye su da gonaki. Ba na cewa wannan shi kaɗai ya haifi bala'in 'yan bindiga da ya sami gabashin Sakkwato, kuma babu zaluncin da ke halatta zub da jinin bayin Allah, amma wanda ya ce irin wannan hukunci na son rai bai taimaka wajen ɓata zukata ba, bai faɗi gaskiya duka ba.

Bala'in kuwa ya nuna iyakar dokar gari a fili. A watan Satumba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan umurnin tsaro wanda ya rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ya hana sayar da fetur a jarka, aka kuma yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Kasuwa tana cikin abin da kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma, amma da maganar tsaro ta zo, daga sama umurni ya sauko, ya hau kan ɗan bindiga da mai kiwon halal da manomin da injinsa ba ya tashi sai da fetur na jarka, duk baki ɗaya. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, suka kashe mutum fiye da 40, Allah ya jiƙansu. A wasu ƙauyuka na gabas har ta kai ɓarayin daji ne ke yanka wa mutane kuɗin da za su biya kafin su shiga gonakinsu. Haka kuma ruwan madatsar Goronyo, wanda sakinsa ko riƙe shi ke yanke wa dubban manoma arziki ko hasara, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta gwamnatin tarayya, babu kansilan da ke da ta cewa a ciki.

Duk da haka ban yarda a ce majalisar kansiloli ba ta da abin yi ba. Ranar 11 ga Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce ba ya halatta gwamna ya aza kantoma ko kwamitin riƙo a mazaunin zaɓaɓɓu. Mutane suka yi ta murna saboda kuɗi, kaɗan ne suka tuna cewa inda babu zaɓaɓɓiyar majalisa babu mai ikon kafa dokar gari tun asali. Jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244, kowacce da kansilanta, kuma aikin da ya fi kowane sauƙi a gabansu ba ya bukatar kason Abuja. A tattara dokokin da ke akwai, waɗanda da yawansu an rubuta su da Turanci an kulle a durowar sakatariya, a juya su Hausa da boko da ajami, domin a ƙauyukan Rabah da Goronyo masu karanta ajami ba kaɗan ba ne. A kafa allo a ƙofar kara da kwata da tasha mai ɗauke da kowane kuɗi da adadinsa, don mai biya ya gwada da abin da ke kan rasit ɗinsa. A karanta sabuwar doka a Rediyo Rima da bayan sallar Juma'a, a ba mai shela ita kamar da. Malaman usulu sun tabbatar cewa hukunci ba ya hawa kan wanda bai isa gare shi ba, kuma abin kunya ne a ƙasar da aka rubuta Kitabul Farƙi a ci mutum tara da dokar da ba a taɓa karanta masa ba.

Dokar fadama kuwa, kada kwamiti ya rufe ƙofa a kanta sai ya zaunar da sarkin noma da arɗo da sarkin ruwa da wakilin hakimi wuri ɗaya, an bi burtali da ƙafa an kafa masa alamu, an rubuta faɗinsa da sunan mashayar da yake kaiwa, an kuma yanka adadin tara ɗaya ga ɗan gari da baƙo. Lokacin wannan zama shi ne kafin kaka, tun garken da suka yi damina a arewa ba su fara gangarowa kwarin Rima ba, tun masu albasa ba su ɗaga iri daga reno sun dasa a kan hanyar da shanu za su bi ba.